Mutum biyu, suna ɗaya: wa ya rubuta littafin?

Maman Nusaiba: Slm jama'ar gidan nan, dan Allah ku ba ni aron kunnuwanku akwai abin da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Wasunku sun san ni da ƙanwata muka rubuta littafin nan namu tare, wata goma sha ɗaya muna kai, littafin rubutu ɗaya muke amfani da shi, in na yi babi na aika mata da shi ta hannun ɗan makaranta ita kuma ta bi da jan biro ta soke abin da bai mata ba ta ɗora nata ta dawo min da shi, haka har muka gama. Toh mun je wani taron marubuta sai wani bawan Allah ya tsare mu a bakin ƙofa wai tsakani da Allah wacece ta rubuta, wacece kuma aka saka sunanta don kara. Ƙanwata ba ta ce komai ba amma har muka hau adaidaita ba ta ƙara magana ba, kuma tun ranar ba ta taɓa littafi na biyun da muka fara ba. Shine na tuna wasu mata biyu na Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya da na taɓa karanta labarinsu, Katharine Bradley da Edith Cooper, wanda suka yi shekara talatin suna rubuta waƙa da wasan kwaikwayo da suna ɗaya, sunan ma na namiji, Michael Field. Ina so mu tattauna su don wlh ni gani nake sun riga mu shan wannan tambayar.

Ɗan Kurmi: Wslm. Hajiya Allah ya huci zuciya. Amma gsky ni ma da ina wajen zan iya tambaya, ba da mugun nufi ba. Jirgi ɗaya matuƙi biyu? Dole akwai mai riƙe da kan.

Ummu Sadiq: Wai gwaggo da ɗiyarta ne ko? kamar na taɓa jin haka

Anti Malama: Ba gwaggo ba ce Ummu Sadiq, inna ce, Katharine ƙanwar mahaifiyar Edith ce uwa ɗaya uba ɗaya. An haifi Katharine a Bamingham a 1846, Edith kuma 1862, kinga shekara goma sha biyar da 'yan watanni ke nan tsakani. Maman Edith ta kwanta ciwo bayan ta haifi ƙanwarta Amy, ba ta ƙara samun cikakkiyar lafiya ba, sai riƙon yaran ya koma hannun Katharine, irin dai yadda ake yi a gidajenmu in uwa ta gaza. Ita ta koya mata karatu, ita ta saka mata son waƙa. Katharine ta ɗan yi karatu a Faris, ta yi a kwalejin Newnham ta Kambirij, daga baya da iyalin suka koma Biristol wajen 1878 sai suka riƙa zuwa kwalejin jami'a ta garin su biyu suna koyon Girkanci da Latin da falsafa. Ku tuna fa lokacin mace za ta iya zama a aji a Kambirij ta ci jarrabawa amma ba za a ba ta digiri ba, sai 1948 suka fara ba mata.

Ummu Sadiq: 1948?? ikon Allah

Maman Nusaiba: Anti Malama na gode da kika shigo, dama ke nake jira. Ni abin da ya fi kama ni shine yadda sunan ya faro. Katharine ita kaɗai ta fara fitar da littafin waƙoƙi a 1875 da sunan Arran Leigh. Da Edith ta tasa sai suka fitar da wani a 1881 da suna biyu, Arran da Isla Leigh, mutane suka ɗauka miji da mata ne ko wa da ƙanwa, ba wanda ya kula littafin sosai. Sai 1884 suka ajiye suna biyun suka zama mutum ɗaya, Michael Field, suka fitar da wasannin kwaikwayo biyu cikin littafi ɗaya, Callirrhoë da Fair Rosamund. Nan fa jaridu suka ɗauka, ga sabon matashi mai basira ya fito, har ana ambaton sa kusa da marubutan zamanin Shekspiya, kafin shekarar ta ƙare an sake buga littafin. Hannu ɗaya ne fa, kai ɗaya, abin da ya canja kawai suna ne.

Ɗan Kurmi: To ya aka yi asirin ya tonu

Anti Malama: Ta hannun masoyinsu ya tonu, shine abin tausayin. Robert Browning, babban mawaƙin nan, lokacin ya haura saba'in, ya karanta littafin ya ji daɗi ya rubuta wa Michael Field wasiƙa. Edith ta amsa masa ta faɗa masa gaskiya cewa su biyu ne, ita da innarta, ta roƙe shi ya riƙe amana ya ɗauki Michael a matsayin marubucin. Toh dattijo yana yabon su a zaman fira sai bakinsa ya suɓuce, ba a jima ba mujallar Athenaeum ta yi magana kan marubucin tana cewa "ta" maimakon "ya". Katharine ta rubuta masa wasiƙa mai zafi amma cikin ladabi, a ciki ne ta faɗi maganar da har yau ake yawan kawowa, cewa suna da abubuwa da yawa da za su faɗa wanda duniya ba za ta lamunta daga bakin mace ba. Kuma ta ce masa in aka gano ba mace kaɗai ba har ma su biyu ne toh sun kaɗe gaba ɗaya. Kunga ita kanta ta san abu biyu ne ke jiran su, zama mace, da kuma zama biyu, kuma na biyun ta fi tsoro.

Maman Nusaiba: Yauwa!! wannan na biyun shine nawa. Mu ba mu ɓoye mu mata ne ba, ba wanda ya ce don me mace za ta yi littafi, kasuwar ma ai mata ne suka riƙe ta. Amma da aka ga suna biyu a bango sai aka fara neman wacece ta gaske.

Ɗan Kurmi: Anti Malama ki yi haƙuri zan ɗan ja da ke. Ni ban yarda cewa dole sai mace ta ɓuya a wancan lokacin ba. Matar shi Browning ɗin fa, Elizabeth Barrett Browning? da sunanta take bugawa kuma a rayuwarta ta fi mijin suna. Christina Rossetti ma da sunanta ta fitar da littafin waƙoƙinta Goblin Market a 1862. Ƙasar ma kanta mace ke mulkinta daga 1837 har 1901. Kada mu mayar da komai an zalunci mata, wataƙila littattafansu na baya ne kawai ba su kai na farkon ba shi yasa aka daina yabo.

Anti Malama: Ja da ni ba laifi ba ne Malam, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Elizabeth ta yi suna sosai har da Wordsworth ya rasu a 1850 an ambaci sunanta cikin wanda suka cancanci zama mawaƙin fada, amma Tennyson aka ba, kuma mace ba ta hau wannan kujerar ba sai 2009. Abin da nake so ka duba shine wane irin rubutu aka yarje wa mace. Waƙar addini, waƙar begen wanda ya rasu, waƙar furanni da yara, wannan bismillah. Su kuwa Michael Field me suke rubutawa? wasannin tarihi ne cikin waƙa, sarakunan Rum, kisan gilla, fyaɗe, uba ya bar ɗansa ya mutu da yunwa a kurkuku saboda sarauta, Sarauniya Maryamu ta Sikotlan da mazajenta. In namiji ya rubuta wannan a ce yana da ƙarfin alƙalami, in aka ji 'yan mata biyu ne marasa aure a gidan iyayensu sai a ce ina suka san wannan, rashin kunya ne ko kwaikwayo. Sannan ka tuna su Brontë, marubutan nan 'yan uwa mata uku, Charlotte tana da shekara ashirin ta aika wa mawaƙin fada na lokacin Robert Southey waƙoƙinta, ya amsa mata a 1837 cewa adabi ba zai zama sana'ar rayuwar mace ba kuma bai ma kamata ya zama ba. Da su ukun suka tara waƙoƙinsu a 1846 sai suka saka sunayen aro Currer da Ellis da Acton Bell, da kuɗinsu suka buga, kwafi biyu kacal aka saya a shekarar farko. Mary Ann Evans ma ai George Eliot duniya ta san ta. Ba mutum ɗaya ba ne balle a ce tsoronta ne ya yi yawa.

Inda ka yi gaskiya kuma, wasu wasannin nasu na baya suna da nauyi, harshen tsohon yayi ne, ana cikin lokacin da marubucin wasan kwaikwayo Ibsen ya zo da wasan da mutane ke magana kamar a falo su kuma suna nan kan salon shekara ɗari uku baya. Ni kaina ɗalibaina sun fi son waƙoƙinsu akan wasannin. Amma ga abin da zai ba ka amsa, a 1905 suka fitar da wasan Borgia ba suna ko ɗaya a kai, sai ga masu sharhi sun dawo suna kula shi da mutunci.

Ɗan Kurmi: Wannan na Borgia ban san shi ba. Na karɓa.

Hajiya Babba: 'Ya'yana ina ta bin ku a hankali. Ni tambayata ɗaya, ya suke rubutun? zama suke a tabarma ɗaya wannan ta faɗi layi wannan ta faɗi layi ko ko

Maman Nusaiba: Hajiya barka da hutawa. A'a, yawanci kowa da ɗakinta, da safe kowa ta shiga nata ta rufe, sai daga baya a haɗu a karanta wa juna. Sukan tsara labarin tare tukuna su raba fitowa fitowa. Katharine ta bayyana wa wani marubuci Havelock Ellis a wasiƙa a 1886 don shi ma ya matsa sai ya san wa ya rubuta wane, ta ce aikin nasu kamar adon da ake jerawa da ƙananan duwatsu ne, suna gittawa suna saƙuwa cikin juna kamar ƙwarin bazara masu rawa a iska, in ɗaya ta fara gina wani mutum a wasan sai ɗayar ta ƙwace shi ta mallake, in ɗaya ta ƙirƙiro fitowa ɗayar ta gyara ko ta ƙarasa ko ta datse ba tausayi. Hajiya wlh da na karanta wannan datsewar sai da na ajiye waya, don na tuna ranar da ƙanwata ta soke min shafi huɗu cur, wajen da uwar yarinyar take kuka a asibiti, na zauna har ɗayan dare ina rubuta shi ina hawaye, ita kuma ta ja layi daga sama har ƙasa ta rubuta a gefe "Yaya matar nan ba mai kuka a gaban mutane ba ce". Kwana biyu ban kira ta ba. A na uku na karanta babin ba shafukan na ga matar ta fi ban tausayi da ta yi shiru tana ninke zanin ɗiyarta. Toh yanzu wannan fitowar ta waye? ni na rubuta ninke zanin amma ba don jan bironta ba da babu shi.

Ummu Sadiq: wayyo wannan wajen ne ya sa ni kuka a littafin fa, ashe haka aka yi

Basakkwace: Assalamu alaikum. Ku ban dama in sa baki, don wagga magana ba baƙuwa ta ba a wurinmu, mu ad da ita tun kahin su. Mi a tahamisi? Mawaƙi ya iske waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, shi ɗora ɗango ukku bisa kowane baiti ta koma biyar-biyar, da amsa-amo guda da ma'auni guda, har wanda bai sani ba ba ya gane inda hannun wanga ya tsaya na wancan ya tashi. Ku ɗauki Tabban Haƙiƙa, Shehu Usmanu yay yi ta da Fulatanci, ɗiyatai Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu sunka yi mata tahamisi sunka maishe ta Hausa. Hannu ukku ke nan cikin waƙa guda, kuma ba mu taɓa jin an tsare wani bakin ƙofa ana tambaya tai wa ad da ita ba. Nana ta rasu 1864, Edith tana da shekara biyu a duniya, kun ga zamani guda na da Biktoriya. Kuma ita Nana ba ta ɓoye sunanta ba.

Anti Malama: Malam Allah ya ƙara ilimi, tahamisi misali ne mai kyau ƙwarai. Bambancin da nake gani kawai shine a tahamisi an san iyaka, masani zai nuna maka ɗango biyun asali da ukun da aka ɗora, kuma akwai girmamawa ta ɗalibi ga malami ko 'ya ga uba. Su Michael Field iyakar suke son gogewa gaba ɗaya. Katharine har maganar wani masanin falsafa Spinoza ta kawo wa Browning, cewa in mutum biyu masu ɗabi'a iri ɗaya suka haɗu sukan zama mutum guda mai ƙarfin biyu. A gida ma Michael ake kiran Katharine, Edith kuma Field ko Henry, abokansu haka suke kiran su.

Basakkwace: Gaskiya na, akwai wanga bambanci. Amma tushen guda na, waƙa ta fi mai ita.

Abban Walid: Ni fa ina ganin ana ta zagaye wani abu. Na ɗan duba labarin matan nan kuma abin da na gani ba inna da ɗiya kawai ba ne. A faɗa wa mutane gaskiya kafin a sa su sha'awar su.

Anti Malama: Ba a ɓoye ba Abban Walid, ba mu kai wajen ba ne, kuma gara da ka tayar. Eh, a rubutunsu suna kiran juna masoya, akwai waƙar da suka ce sun yi rantsuwa za su zama mawaƙa kuma masoya har abada, sun kuma rubuta a littafin tarihin kwanakinsu cewa aurensu ya fi na Browning da matarsa ƙulluwa tunda su Browning kowa nasa yake rubutawa. Littafinsu na 1889 Long Ago an gina shi ne kan guntayen baitocin Sappho mawaƙiyar tsohuwar Girka, kwafi ɗari aka buga. Mafi yawan masu nazarinsu a yau suna ɗaukar su a matsayin masoya, wasu kuma suna jan hankali cewa matan wancan zamani suna amfani da kalmomin soyayya masu zafi tsakanin ƙawaye da 'yan uwa. Ni a aji haka nake faɗa wa ɗalibai ba ragi ba ƙari. Abin da addininmu ya ce kan wannan a fili yake, ba kuma shi Maman Nusaiba ta kawo ba, ita yadda ake haɗa alƙalami take tambaya.

Abban Walid: Toh madalla tunda an faɗa. Ni dai ra'ayina a nemi wasu misalan.

Maman Nusaiba: Na ji ka Abban Walid kuma ban ga laifinka ba. Ni ba rayuwarsu na ce a kwafa ba, Imru'ul Ƙaisi ma ai ana karanta shi a zaure don Larabcinsa ba don halinsa ba. Amma ba zan iya cewa ban koyi komai a wajen matan da suka bar wasanni sama da ashirin da littattafan waƙa takwas ba tare da an taɓa jin sun yi rigimar wannan layin nawa ne ba.

Admin: A ci gaba cikin mutunci dan Allah, kowa ya faɗi nasa ba gugar zana.

'Yar Maraɗi: Sannunku. In wani misali ake so akwai na Ailan, Edith Somerville da Violet Martin, 'yan uwa ne na dangi, su labari suke rubutawa da sunan Somerville da Ross, The Real Charlotte na 1894 shi ne babban aikinsu. Su kam zama suke wuri guda suna magana, wadda alƙalami ke hannunta ta rubuta. Violet ta rasu 1915 amma Edith ta ci gaba da saka sunayen biyu a littattafanta sama da shekara talatin bayan haka. Ni kuma abin da nike so in ƙara shi ne maganar kuɗi, don ba a taɓo ta ba. Su Michael Field gadon masana'antar taba ta mahaifin Katharine suke ci, ba su taɓa neman aikin albashi ba, in littafi bai sayu ba su biya a buga wani, takarda mai tsada bango mai ado, su tafi Jamus da Italiya kallon zane-zane su dawo su rubuta Sight and Song a 1892. A wannan lokacin akwai irin su Ellen Johnston a Sikotlan da ke tsaye gaban injin saƙa tun tana yarinya, ita ma ta fitar da littafin waƙoƙinta a 1867 amma sai da aka tara mata masu alkawarin saye. Rufe ɗaki da safe a yi waƙa sai wadda wani ke dafa mata abinci.

Hajiya Babba: Wannan yarinya ta faɗi gaskiya. Mai goyo da tukunya a wuta ina ta ga ɗakin rufewa

Maman Nusaiba: Wlh kuwa Hajiya, mu bayan isha'i muke namu in yara sun yi barci, in an ɗauke wuta da fitilar waya. Amma kuɗin bai saya musu abin da suka fi so ba. Su burinsu a hau dandamali da wasanninsu, kuma a duk rayuwarsu sau ɗaya tak aka yi, A Question of Memory, a Landan cikin Oktoba 1893, dare ɗaya. Labarin wani ɗan Hungari ne lokacin tawayen 1848 da aka kama shi aka ce ya faɗi inda 'yan uwansa mayaƙa suke ya ƙi, aka kashe nasa a gabansa har hankalinsa ya gushe. Sun yi makonni suna zuwa wajen gwaji, sun ɗinka kaya, abokai sun cika wajen, gari ya waye jaridu suka yi musu kaca-kaca. Ina tunanin safiyar nan da yawa, su biyu a ɗakin masauki da tarin jaridu a gabansu. In kai kaɗai ne ka sha kunyarka kai kaɗai, in ku biyu ne fa akwai hanya mai sauƙi, kowa ta ce ai fitowar da kika rubuta ce ta kashe mu. Ba su bi ta ba, suka koma gida suka ɗauko wani wasan.

Ɗan Kurmi: Toh ya ƙarshensu ya kasance

Anti Malama: Ƙarshen akwai nauyi. Mahaifin Edith ya ɓace a duwatsun Suwizalan a 1897 ya fita tafiya bai dawo ba, sai bayan watanni aka tsinci gawarsa. A 1899 suka koma gidansu na kansu a Richmond bakin kogin Thames kusa da abokansu masu zane Ricketts da Shannon, duniyarsu ta ƙara ƙanƙancewa, masu karanta su 'yan kaɗan. Suna da wani kare Whym Chow da suka ɗora wa rai fiye da misali, da ya mutu a 1906 abin ya girgiza su har suka rubuta masa littafin waƙoƙi guda, kuma a 1907 su biyun suka shiga ɗariƙar Katolika bayan shekaru suna ɗaukaka gumakan Girka a waƙa. A 1911 aka gano Edith na da ciwon daji. Katharine ce ta yi jinyarta, ana cikin haka ita ma aka gano nata, ta ɓoye, tana ɗaga mara lafiya tana kwantarwa tana karanta mata waƙa alhali ita ma abin na cin ta, ba ta bari Edith ta sani ba har ta rasu a Disamba 1913. Ita kuma ta bi ta a Satumba 1914, wata tara tsakani.

Abin da ya rage mana mafi daraja a ganina shine littafin kwanakinsu da suka kira Works and Days, daga 1888 har 1914, kusan kundi talatin, yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Shi ma tare suke rubuta shi, wannan ta yi shafi wannan ta karɓa, wani lokacin a tsakiyar labari rubutun hannu zai canja. Sun bar wasiyya kada a buɗe sai bayan shekaru, abokinsu mawaƙi Sturge Moore ya fitar da zaɓaɓɓun sassa a 1933. Daga nan aka manta da su kusan gaba ɗaya sai wajen shekarun 1990 masu nazari suka tono su. Kuma kun san me wasu suka fara yi da suka samu takardun? bin rubutun hannu suna ware wannan na Katharine ne wannan na Edith ne.

Ummu Sadiq: tambayar bakin ƙofa dai har bayan mutuwa

Ɗan Kurmi: Amma Anti ai aikin masu bincike ke nan, kuma ni har yanzu ina ganin sanin wa ya yi me ba laifi ba ne. In gobe littafin Maman Nusaiba ya ci gasa ko wani ya saye shi zai yi fim, wa zai sa hannu, kaso nawa kowa? Zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai wannan ba. Shawarata ku rubuta yarjejeniya tun yanzu, rabi da rabi, ku sa shaidu.

Maman Nusaiba: Wannan shawarar na karɓa hannu biyu Malam, kuɗi a rubuta shi, addini ma haka ya ce. Amma kuɗi ake rabawa rabi da rabi, babi na tara ba ya rabuwa. Mutumin nan ba kason kuɗi ya tambaya ba, cewa yake ɗayarmu 'yar rakiya ce, kuma da yake ni ce babba ni ce na fi surutu a taro kowa ya san wa yake nufi.

Hajiya Babba: Ke ce babba ke za ki je. Kada ki yi mata waya, ki ɗauki littafin rubutun nan mai jan biro ki kai mata har ɗaki ki buɗe mata shafin da ta soke.

'Yar Maraɗi: Kuma ku yi tunanin suna guda a littafi na biyu, ba na namiji ba, naku na ku biyu.

Maman Nusaiba: Hajiya in sha Allah gobe bayan la'asar zan je. Na ɗauko littafin ma yanzu yana kan cinyata, bangon ya yage Nusaiba ta zuba masa shayi a gefe. Ina ta buɗawa na kai wajen da muka fara rubutu a shafi ɗaya ranar da ta kwana gidana, baƙin biro ne duka don nata ya ƙare ta ari nawa, kuma rubutunmu kama yake tun muna firamare malami ɗaya ya koya mana. Akwai layi uku a tsakiya da na karanta sau biyar ban gane ko ni ce ko ita ba. Maganar suna guda kuma 'Yar Maraɗi sai na ji ta bakinta tukuna, ba zan yanke ni kaɗai ba. Anti Malama dan Allah in kina da waƙoƙin nan na littafin su Michael Field Underneath the Bough ki turo min ta akwati, ina so in tafi mata da guda biyu.

Anti Malama: Zan turo miki bayan magariba. Ki gaishe min da ita.